Zuwa ga Babana, Ɗan Majalisar da Ya Yi Kanti a PK8

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Libreville ta Gabon lafiya lau muke. Damina ta kankama, hanyar unguwarmu Okala ta sake farfashewa, jikokinka sun girma har babbar ta fi ni tsawo. Ƙaninka Baffa Ado yana nan da ransa, ƙafa ce kawai ta matsa masa, ba ya iya zuwa masallaci sai ranar Juma'a.

Dalilin wannan takarda shi ne, wasu matasa a gida sun buɗe shafi a intanet suna tono tarihin tsofaffin 'yan majalisar tarayya, ɗaya bayan ɗaya, su nuna wa mutane abin da kowa ya yi da kujerar da aka ba shi. Makon jiya layi ya zo kanka. Wata 'yar'uwa ce ta turo mini a waya ina bakin aiki a ɗakin haihuwa. Na ga hotonka da zanna bukar da farin tabarau, kana saurayi, ka fi ni yarinta a yanzu. Sai da na nemi kujera na zauna.

Abin da suka rubuta a ƙarƙashin hoton bai da yawa. Ƙudiri ɗaya ka gabatar, bai zama doka ba. Ka yi dogon fashin zaman majalisa. Ka ƙi amincewa da ƙarin alawus. Ka amince da korar baƙi. Shi ke nan. A ƙasa kuma masu sharhi suka yi ta zuba. Wani ya ce ka je ka ɗumama kujera ka dawo. Wani ya ce irinku ne kuka kashe ƙasa. Wata yarinya ita kuma ta tambaya ko akwai wanda ya san inda ka ƙare.

Ban ji haushinsu ba, Baba. Ba su yi maka ƙarya ba, kuma na san da kana raye kai ne za ka fara cewa su ci gaba da tonon. Amma tambayar yarinyar nan ta tsaya mini a rai. Ni na san inda ka ƙare. Shi ya sa na rubuto maka a inda su ma za su iya leƙowa su karanta.

Bari in fara da fashin. Lokacin da aka zaɓe ka kana malamin firamare ne a garinmu, ka tafi Legas ka bar mu ni da Umma a gida tana da ciki. Naƙuda ta zo mata da gardama. A ƙaramin asibitin garin babu kowa sai mai ba da magani, motar da za ta kai ta birni kuma ba a same ta da wuri ba. Jaririn bai zo da rai ba. Ita ma ta daɗe tana jinya kafin ta bi shi. Duk tsawon jinyar nan kana gefen tabarmarta, kai kake ba ta kunu da ludayi. Saƙo ya yi ta zuwa daga Legas cewa ana nemanka, ka ce a gaya musu majalisa tana da mutane da yawa, Umma kuwa mijinta ɗaya. Wannan shi ne fashin da suka gani.

Bayan an yi arba'in ka ɗauke ni muka tafi Legas tare. 'Yan'uwa sun so a bar ni a hannunsu, ka ƙi. Ina tuna dogon benen da aka sauke ku 'yan majalisa a bakin ruwa, da yadda nake tsoron na'urar hawa sama har sai ka ɗauke ni a kafaɗa mun bi matattakala. Sunan mahaifiyarka aka sa mini, don haka ba ka taɓa kiran sunana ba. Uwata kake cewa, ko a gaban manyan mutane.

Ƙudirin nan guda ɗaya a ɗakinmu aka haife shi. Kana so doka ta tilasta a sa ungozoma mai horo a kowane asibitin karkara, a kuma ajiye motar ɗaukar mai naƙuda. Kakan zaunar da ni a kan kujera da biredi da shayi, ka tsaya a gabana da takarda kana gwada jawabinka da Turancin da ba na ji. In ka kai wani wuri sai ka juya baya ka yi kamar tabarau kake gogewa. Ni kuwa in ka gama sai in tafa, don ka ce haka ake yi.

Daga baya, da na girma, ka ba ni labarin ranar da ka karanta shi. Ka ce zauren rabinsa wayam, waɗanda ke ciki ma wasu jarida suke dubawa. An yi masa karatu na biyu, aka miƙa wa kwamiti, can ya kwanta. Ka bi shi ofis ofis har ma'aikatan suka sa maka suna Mai Ungozoma. Ba ka taɓa ba da labarin nan da ɗaci ba. Dariya ma kake yi in ka zo wurin sunan.

Zancen alawus ban san shi ba sai a bakin Baffa. Ya ce da aka kira sunanka ka ce a'a, wani abokinka na kusa da kai ya ja maka riga ya ce, Malam, kai da ka zo majalisa da babbar riga biyu? Ka ce masa ai biyun ma ɗaya ake sawa a lokaci guda. An kayar da ku, ƙarin ya wuce, kuma ka karɓa kamar kowa. Wannan ma ban ɓoye wa masu karatu ba, don kai ba ka ɓoye wa Baffa ba.

Sai ƙuri'ar ƙarshe. Gwamnati ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adi su fice daga ƙasar, aka kawo ƙudiri majalisa na goyon bayan wannan umarni. Jam'iyyarku ta zauna ta yanke cewa kowa zai ce eh. A wannan zama ka yi magana ka ce wa'adin ya yi kaɗan, akwai mata masu ciki, akwai yara 'yan makaranta. Aka ɗaga hannu, aka rinjaye ka. Da aka shiga zaure aka kira sunanka, ka ce eh.

Ni abin da na sani a lokacin shi ne, matar da take zuwa yi mini kitso, 'yar Ghana ce, ta daina zuwa. Daga tagar benenmu ina hango manyan motoci shaƙe da mutane da katifu da jakunkuna. Na tambaye ka ina za su, ka ce gida. Na ce to me ya sa suke kuka? A ranar, da kanka ka zauna ka tsefe mini kai, ka yi ƙoƙarin kamawa, ya ƙi kamuwa, muka haƙura na ɗaura ɗankwali.

Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki. Aka tattara ku aka tsare, ni kuma aka mai da ni gida hannun gwaggo. Sun bincika ba su sami komai a kanka ba, amma ba su yi saurin sakinka ba. Ka fito ka rame, makaranta ta ƙi mayar da kai aiki, mutanen da suka ɗauke ka a kafaɗa ranar zaɓe suna sauya hanya in sun hango ka. Baffa Ado, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Gabon, ya aiko ya ce ka taho ka huta na ɗan lokaci. Ka ɗauko ni muka taho. Ɗan lokacin nan shi ne ya cinye ƙuruciyata duka.

Kantinmu na unguwar PK8 yana bakin babbar hanyar da ta nufi cikin ƙasa, ɗaki ɗaya na katako, mu kuma muna kwana a bayansa. Shinkafa, madarar gwangwani, sardin, sabulu, kananzir, biredi da safe. Ka koyi Faransanci kana da furfura, daga littattafaina na makaranta. In na dawo sai ka karɓi jakata ka ce, Uwata, yau me aka koya mana? 'Yan Najeriya suna kiranka Onarabul, direbobin Nijar masu tsayawa shan shayi suna cewa Depite, wato ɗan majalisa da Faransanci. Da fari da zolaya suke faɗa. A hankali sunan ya zauna da gaske, don duk rigimar da ta tashi tsakanin 'yan kasuwa, a bencin ƙofar kantinka ake kashe ta.

A nan ka haɗu da Malam Isyaku mai walda, ɗan Zangon Kumasi ta Ghana, wanda rumfarsa ke tsallaken hanya. Hausarsa irin ta can ce, takan ba ni dariya. Ranar da ya fara zama a bencinka ya ba da labarin yadda aka kore shi daga Legas, ya bar injinsa da kayan aikinsa, matarsa ta haihu a bakin iyaka a ƙarƙashin mota. Ina cikin kanti ina auna sukari, ina jin ku. Da ya gama sai ka ajiye kofinka ka ce, Malam Isyaku, kafin ka ƙara shan shayina ya kamata ka sani, ina cikin waɗanda suka ce eh a kore ku.

Ya daɗe yana kallonka. Sannan ya tashi ya tsallaka hanya. Ya yi kwanaki ba ya ko waiwayo kantinmu, kai kuma kullum da safe sai ka ɗaga masa hannu. Wata ranar Juma'a bayan an sauko sai ga shi da allon dara a hammata. Ya zauna ya ce, Onarabul, na yi tunani, ban yafe ba tukuna, amma babu wanda ya iya dara a unguwar nan sai kai. Daga ranar kusan kullum da la'asar kuna tare. Ban taɓa jin ranar da ya ce ya yafe ba, ban kuma taɓa jin ka tambaye shi ba.

Ka tuna safiyar da aka karya darajar sefa? Rediyo na kan kanta kana yanka biredi. Ka tsaya da wuƙa a hannu har aka gama labarai, sannan ka ce, Uwata, jiya mun kwanta da kuɗi, yau mun tashi da rabinsu. Ƙasar nan kusan komai daga waje ake kawo shi. Kafin azahar manyan dillalai sun rufe rumbunansu, masu dafa abinci a gidajen masu kuɗi na unguwar Batterie IV suna yawo a taksi suna kwashe madara da mai duk inda suka gani. Matan unguwa da muka yi shekaru muna gaisawa suka fara tsayawa a ƙofar kanti suna cewa mu baƙi ne muka tsawwala.

Ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta kira taro a harabar masallaci. Mata ba sa shiga, amma ni na kawo muku ruwa na maƙale a bayan katanga. Mafi yawa suna so a rufe kantuna har farashi ya tsaya. Kai ka miƙe ka ce a bar su a buɗe, a sayar da tsohon kaya a tsohon farashi, ko da kaɗan kaɗan ne, don mutanen nan za su tuna wanda ya rufe musu ƙofa ranar da yaransu ke jin yunwa. Shugaba ya so a tashi haka nan a ce an daidaita. Ka ce a'a, a ɗaga hannu kowa ya ga kowa. Aka ɗaga. Hannuwan da suka bi ka ba su cika tabarma ɗaya ba.

Ka dawo ka sa kwaɗo a ƙofar kantinmu. Na yi mamaki, na ce Baba, ai kai ka ce kada a rufe. Ka ce, na faɗa, an kayar da ni. Wanda ya yarda ya zauna a taro ya yarda a kayar da shi. Amma ba ka shige ɗaki kamar sauran ba. Ka zauna a benci a gaban rufaffiyar ƙofa, duk wadda ta zo ka miƙe ka gaya mata da Faransancinka mai ɗingishi cewa akwai kaya a ciki, ƙungiya ce ta hana, kuma kana cikin ƙungiyar. Wasu suka zage ka. Wata tsohuwa ta tofa yawu kusa da takalminka. Ka tsaya ka saurare ta har ta gama.

Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kan wannan hali naka ba, Baba. Wani lokaci in ga girmansa. Wani lokaci in ce da ka fasa kwaɗon nan, da kuma a Legas ka ce a'a ko da jam'iyya za ta kore ka. Na so a ce mun zauna ni da kai, ina babba, mun yi wannan gardamar. Na san za ka bar ni in gama, ka gyara tabarau, sannan ka fara da cewa, to Uwata, ga inda kika yi daidai.

Abin da ka hango bai daɗe ba ya iso. Rayuwa ta yi tsada, aiki ya yi wuya, ido ya dawo kan baƙi. Aka yi sanarwa cewa duk wanda ba shi da katin zama, wanda muke kira kart de sejur, ya gyara kafin wa'adi ko ya bar ƙasar. Kuɗin katin kuwa ya fi ƙarfin mai ƙaramin kanti. Jandarmomi suka kafa shinge a mahaɗar PK8, suna tsayar da ƙananan bas suna sauke mutane. Direbobin da ke shan shayi a wurinka suka ragu. Wani ka ji an ce yana komisariya a hannun 'yan sanda, wani ya gudu daji wajen masu yankan katako.

A lokacin na shiga makarantar ungozoma. Ban san katinka ya mutu ba sai da Baffa ya zo yana faɗa. Ashe abin da ka tara na sabunta naka, nawa ka sabunta da shi, don makaranta ba ta karɓar ɗaliba sai da takarda. Baffa ma karyewar kuɗin ta taɓa shi, ba shi da abin da zai fanshe ka. Amma ya ce ya samo hanya. Akwai wani dattijo da ya rasu ya bar kati mai rai, akwai kuma mai iya sauya hoto. Kamanninku ma sun zo ɗaya.

Ka bar shi ya gama, ka yi masa godiya. Sannan ka ce, Ado, da sunana aka zaɓe ni, da sunana aka tsare ni, da shi zan fita. Baffa ya ce to yarinyar fa? Ka ce yarinya tana da kai, tana da makaranta. Na faɗa jikinka ina kuka ina cewa ni ma zan bi ka. Ka riƙe fuskata da hannu biyu ka ce, ni na kasa sa wa gari ɗaya ungozoma da doka, ke ki zama guda ɗaya ki ga ko ba ki fi ni ba.

Ba ka jira an zo an kama ka ba. Ka sayar da ragowar kayan kanti, ka bi maƙwabta gida gida ka yi sallama, har tsohuwar da ta tofa maka yawu. Ita ce ma ta fito da ɗaurin rogo ta ce ka ci a jirgi. Ka je ka rubuta sunanka a cikin masu tafiya, ka sa babbar rigarka fara da ka daɗe ba ka sa ba.

Ranar tafiya ana yayyafi. Tashar jirgin ruwa ta Owendo ta cika maƙil, 'yan Najeriya, 'yan Mali, 'yan Benin, 'yan Nijar, kowa da ƙullinsa. Malam Isyaku yana da takardarsa, babu abin da ya kai shi wurin, kuma ana iya haɗawa da shi a cikin turmutsutsun. Amma ya rufe rumfarsa ya ɗora akwatinka a ka tun daga bakin titi, ya ƙi bari kowa ya karɓa.

Da muka isa inda ba a barin 'yan rakiya su wuce, ya sauke akwatin ya ce, Onarabul, ni na san irin wannan layin. Ka tsaya daga gefe, tsakiya ake tattake mutum. Takardarka ka sa a cikin hula, ba a aljihu ba. In an shiga kada ka sauka ƙasan jirgi ko an ce ya fi ɗumi, ka nemi sama inda iska take. Kana ta gyaɗa kai kamar ɗalibi. Ka buɗe baki za ka yi magana, ya ɗaga hannu ya ce, bari, ba yau ba. Kuka rungume juna.

Ni ba ka yi mini dogon jawabi ba. Ka ce in riƙe salla, in ji maganar Baffa, in ci abinci kafin in shiga aji don na cika wasa da ciki. Ka ce da na gama karatu in zo, ko kai ka dawo in abubuwa sun lafa. Na tsaya ina bin farar rigarka da ido a cikin taron, tana ɓacewa tana fitowa, har ta hau tsani. Ka juyo a sama kana dube dube. Na ɗaga hannu, na yi tsalle, na kira ka. Ba na jin ka gan ni.

Wannan shi ne ganina da kai na ƙarshe, kuma a ranar ban sani ba.

Ka koma garinmu ka zauna a ɗakin zaure na gidan kakanni, kana koyar da yara karatu da lissafi a ƙarƙashin darbejiya. Waya sai ka shiga birni. Mukan sa rana ta bakin matafiya, in je rumfar buga waya in kama layi, in ji muryarka tana zuwa tana katsewa. Ba ka taɓa cewa ba ka da lafiya ba. Tambayarka kullum ita ce, an fara ba ku haihuwa ku karɓa da kanku? Ranar da na ce maka na karɓi ta farko, mace ce, uwa da 'ya lafiya, sai na ji shiru. Na zaci layi ne ya yanke. Can sai na ji kana share hanci.

Na gama karatu, na nemi izinin fita da dawowa, takardar ta maƙale a ofis wata da watanni. Tana fitowa saƙon rasuwarka yana isowa. Na tarar da kabarinka ƙasar ta riga ta kwanta. Yaran da kake koyarwa ne suka raka ni. Ba su san ka taɓa zama a majalisa ba. Malam kawai suke ce maka.

Malam Isyaku ya koma Kumasi da tsufa ya kama shi, can ya rasu. Kafin ya tafi, shi ya tsaya tare da Baffa ranar ɗaurin aurena. Inda kantinmu yake yanzu shagon sayar da waya ne, an rushe katakon an yi na bulo. Duk da haka in taksi ya biyo da ni ta PK8 sai na leƙa. Ban san me nake nema ba.

Ina kewarka, Baba. Ba ɗan majalisar nake kewa ba, shi ban san shi sosai ba. Ina kewar mutumin da yake feƙe mini fensir da reza, mai karanta kwalin magani da ƙarfi don ya gwada Faransancinsa, mai ajiye mini gefen biredi don ya san shi nake so. Akwai ranakun da haihuwa takan zo da wuya, mu yi ta fama har Allah ya kawo sauƙi, in fito in wanke hannu, in ji babu wanda nake so in gaya wa sai kai. Na kai shekarun da ka yi a duniya lokacin da ka sauka a ƙasar nan, amma har yanzu in na ji an ce Uwata a kasuwa sai na juya.

Ga wani labari da zai ba ka dariya. Ni 'yar ɗan majalisa ban taɓa jefa ƙuri'a ba. A can ba na nan, a nan kuma baƙuwa ce. Amma babbar jikarka a nan aka haife ta, ubanta ɗan ƙasa ne, ta karɓi katin zaɓenta. Ta kawo mini shi kicin tana juya shi a hannu, ta ce, Mama, yaya ake gane wanda ya cancanta? Na ba ta labarinka duka, har da eh ɗin, ban rage komai ba. Sai ta ce, to ke da kina garin a lokacin, za ki sake zaɓensa? Na ce mata ban sani ba, amma da zan bi shi har ƙofar kanti in tambaye shi dalili, kuma na san zai miƙe tsaye ya amsa mini.

Ba ta gamsu ba. Irin kanka gare ta, tana son a kai magana ƙarshe. Na so a ce kana nan a benci da la'asar, in turo maka ita.

Ya Allah, ga bawanka, ka fi mu sanin abin da ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai. Ka gafarta masa inda ya kuskure, ka karɓi abin da ya yi niyya bai samu iko ba. Ka sanya haƙuri a zukatan waɗanda ƙuri'arsa ta taɓa, ka saka musu da mafificin abin da suka rasa. Ka jiƙan Umma da ɗan da bai sha iskar duniya ba, ka jiƙan Malam Isyaku. Ka yalwata musu kabari, ka haskaka shi, ka tara mu da su a gidan da ba a tambayar kowa takarda. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

'Yarka mai kewarka,
Rakiya, daga Okala.